Na zare makulli amma injin ya ƙi mutuwa bayan sabon wayarin

Assalamu alaikum, masu gyaran wutar mota don Allah ku duba min wannan. Volkswagen Beetle ce ta 1972 nake farfaɗowa, tsoffin wayoyinta duk sun bushe suna karyewa, sai na cire su kaf na saka sabon kit ɗin nan na gama-gari mai fis 12, na kuma cire dainamo na ɗaura altaneta.

Mota na tashi bugu ɗaya, fitilu da sigina duk lafiya lau. Matsalar ita ce in na kashe makulli, har na zare shi ma, injin sai ya ci gaba da aiki abinsa, fitilar caji ta dashbod tana ɗan ja dishi-dishi.

Na canza suwic ɗin makulli, babu canji. Na kankare fenti inda wayar batir ke kama bodi na ɗaure tam, shi ma a banza. Da na sa mita a lamba 15 ta koyil (inda wutar makulli ke shiga) bayan na kashe makulli sai na ga har yanzu wuta na shigowa, amma da zarar na fizge siririyar wayar D+ (wadda ke zuwa fitilar caji) daga altaneta injin ya mutu nan take. Takardar kit ɗin kuwa ba ta ce uffan ba, da alama don motoci masu inji a gaba aka zana ta, ita kuwa Beetle injinta a baya yake.

Zargina wuta ce ke komowa ta fitilar caji zuwa koyil. Shin dayod (ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai) zan saka a kan wayar D+ ɗin, kuma wane ɓangare zoben jikinsa zai kalla? Na gode.