Ina son koyon tuƙin babbar bas, ta ina zan fara?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum manya. Ina da lasisin ƙaramar mota, kuma ina son komawa tuƙin babbar bas ta fasinja. Me ake koyarwa a horon, kuma a ina masu koyo suka fi faɗuwa?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa sitiyari, likita zai duba idonka, hawan jini da sukari, domin rayukan mutane za ka ɗauka. Sai jarrabawar dokokin hanya, sannan lasisin ajin manyan motocin fasinja, wanda daban yake da naka na yanzu. Shekarun da ake buƙata sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka tambayi ofishin lasisi.

A filin horo kuwa, tsawon motar ne zai fara ba ka wahala. Babbar bas takan kai mita 12, faɗinta kamar mita 2.5, kuma tayoyin gaba suna bayan kujerarka. Idan ka karya sitiyari a inda ka saba a ƙaramar mota, tayar baya za ta hau gefen titi. Ka bari jikinka ya wuce kwanar tukuna, sannan ka karya. Kar ka manta da wutsiyar motar: kana karyawa dama, ita tana fita hagu, ta kwashe mai babur ko turken fitila. Shi ya sa malami zai dame ka da madubi, duk bayan daƙiƙa 5 zuwa 8.

Makanikin Manyan Motoci:
Oga ya faɗi gaskiya. Ni birkin iska nake so ka riƙe da kyau, don nan ne sababbi suka fi yin ganganci. Kwampreso, wato na'urar da ke matsa iska, shi ke cika tankunan iska, kuma allurar geji takan tsaya tsakanin psi 100 da 125 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Idan ta faɗo wajen 60, ƙararrawa za ta yi kuka, ka nemi wuri ka tsaya nan take. Idan ta ci gaba da sauka zuwa tsakanin 45 da 20, birkin sifirin, wato birkin gaggawa da iskar ke riƙewa, zai kama da kansa, ko da a tsakiyar titi kake.

Ga gwajin safe: ka cika iska, ka sa wa taya waigi, ka kashe injin, ka saki birkin hannu, ka taka birki ka riƙe minti 1. Bayan saukar farko da za ta yi lokacin da ka taka, bai kamata allura ta ƙara sauka fiye da psi 3 ba. In ta wuce haka, akwai inda iska ke zurarewa. Ka kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan tanki, shi ke cinye bawul.

A gangara kar ka riƙa taka birki kana saki a jere, iskar kake ƙararwa. Kar kuma ka ɗora ƙafa a kai har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Ka sa giyar ƙasa tun kana sama, injin ya riƙe maka motar.

Malamar Tuƙi:
Ƙanena, akwai abin da ke kayar da waɗanda ma suka iya tuƙi, wato zagayen duba mota. Mai jarrabawa yana so ya ji kana faɗin abin da kake dubawa: tayoyi da notinansu, baƙin mai, ruwan lagireto, fambel, fitilu, ƙofofi, ƙofar gaggawa, tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon farko. Ka haddace tsari ɗaya, ka riƙa binsa kullum.

Sai taushin ƙafa. A bayanka akwai tsoho a tsaye da mace mai goyo, birki ɗaya na gaggawa ya isa ya zubar da su. Birkin iska kuma yana ɗan jinkiri kafin ya kama, don haka ka bar tazarar daƙiƙa 4 ko fiye tsakaninka da motar gaba, ka ƙara in ana ruwa. Kar ka motsa sai ƙofa ta rufe kuma ka ga madubin gefenta babu kowa.

Sabon Shiga:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ribas fa?

Tsohon Direba:
A hankali ake yinsa, kamar tafiyar ƙafa, da mai nuna maka hanya a inda kake ganinsa a madubi. Da ya ɓace maka, taka birki.