Kiran Yayana a Chaina ta intanet sai tsinkewa yake, me zan gyara?

Mai tambaya, yaron shago a Kantin Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka. Yayana ya tafi Guangzhou saro kaya, ni ya bar wa shago. Kullum akwai maganar da za mu yi, wace shadda ce ta ƙare, wane zanen atamfa ake nema, nawa za a tura. In na kira shi da kati, kafin mu gama gaisawa kuɗin ya tafi. Ta WhatsApp kuwa kiran ba ya shiga sam. Ya ce in sauke WeChat, na sauke. Can yana shiga, amma muryarsa na tsinkewa, in na yi magana sai can daga baya yake ji, mu yi ta katse juna. Data ina da ita, na duba da *323#. Shagonmu yana ƙasan bene, can ciki. Wayar ce, ko layin, ko in sayo data mai tsada?

Wani Alhaji mai zuwa Chaina: Wa alaikumus salam. Ƙanina, maganar WhatsApp kada ka wahalar da kanka. Gwamnatin Chaina ta toshe shi tun 2017, duk wanda ke kan layin can ko wayifai ɗin otal ba zai same shi ba. Shi ya sa Yayanka ya ce WeChat, da shi masu masana'anta da dillalai suke komai, har biyan kuɗi. In ya bar layinsa na Najeriya yana aiki a can da data, WhatsApp kan buɗe, amma tsadar ba ta ɗan kasuwa ba ce. Dubai ma kusan haka take, rubutu yana wucewa, kiran murya ne a toshe, sai irin su Botim da hukumarsu ta yarda da su.

Mai gyaran waya a Farm Centre: Malam, kada ka ƙaro data, asara za ka yi. Kiran murya ba ya cin komai, minti ɗaya bai cika kai megabayit 1 ba, hira ta awa guda ma ba wata data mai yawa take ci ba. Abin da kira yake so shi ne hanya ta zauna lafiya. Muryarka ana yayyanka ta ƙanana-ƙanana a tura, kowane yanki sai ya isa kan lokaci. Hoto in ya makara zai jira ya buɗe daga baya, amma yankin murya in ya makara an yar da shi ke nan, shi ne tsinkewar da kake ji.

To ka haɗa Kwari da azahar, mutum dubbai duk a kan turakun sabis ɗaya, ga kankare a kanka, ga dilolin kaya ta ko'ina. Sandunan sabis za su iya nuna maka a cike alhali hanyar ta cunkushe. Ka riƙa duba ɗan harafin da ke kusa da su. In 4G ne ko LTE, madalla. H+ zai yi maneji. In ka ga E, ka ajiye wayar kawai, wannan 2G ce, ko sallama ba za ku gama ba. Ka fito bakin layi ko ka hau saman bene, ka tsaya wuri ɗaya, kada ka yi ta yawo da wayar tana tsalle daga turke zuwa turke.

Sai abu biyu da mutane ba sa lura. In wayarka mai layi biyu ce, aka kira ka a ɗayan layin, yawancin wayoyi sai datar ta tsaya cak har ka gama. Sannan tsarin tanadin batir yakan kashe manhaja in tana bayan fage, Yaya ya yi ta kira wayar ba ta yi ringin ba. Ka shiga saitin batir ka cire wa WeChat takunkumi.

Wata 'yar uwa daga Gwale: Ni dai shawarata lokaci. Chaina ta riga mu da awa 7. In ka idar da asuba ka kira shi daga gida wajen 6:00, can 1:00 na rana ne, yana tsakiyar kasuwa, mu kuma nan gari bai tashi ba, sabis tas. Kai kuma kana jira sai 2:00 na rana, lokacin can 9:00 na dare, ya koma ɗaki kowa ya hau wayifai ɗin otal. Cunkoso nan, cunkoso can. Kuma ka sa abin kunne, hayaniyar 'yan dako kaɗai ta isa ta ɓata magana.

Wani dattijo: Yaro, ni ban san megabayit ba, amma na san ciniki. Farashi da adadin kaya ba a faɗar su a kiran da ke tsinkewa. Ya ce goma sha biyar, ka ji biyar, ka sayar, wa zai biya? Ka ɗauki saƙon murya ka tura, lambobi kuma ka rubuta su. Saƙo yana lallaɓawa ya wuce ko da sabis ya yi rauni, kuma gobe in gardama ta taso yana nan.

Mai gyaran waya: Baba ya yi gaskiya, amma zaɓen zane sai da ka-ce-na-ce, saƙo ba zai yi ba. Sai Yaya ya fara turo hotunan, ka gani ka natsu, sannan ku yi kiran murya kawai. Bidiyo yana cin ninkin-ba-ninkin na murya, kuma shi ne farkon daskarewa.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na duba yanzu a cikin shago, tsakanin H+ da E yake ta sauyawa. Gobe in sha Allahu zan gwada na asuba. To in sauya layi ne gaba ɗaya?

Mai gyaran waya: Kada ka yi sauri. Layin da ke gudu a Zoo Road yana iya rarrafe a Kwari. Tambayi maƙwabtan shagonka wanne ne ke yi musu aiki a nan inda kuke, ka roƙi ɗaya ya buɗe maka hotsifot, wato ya raba maka datar wayarsa ta wayifai, na minti biyar ka kira Yaya da shi. In murya ta fita tas, sai ka je da lambar NIN ɗinka ka yanki irin layin, ka bar shi na data kaɗai.