Tsara filayen noma da kwamfuta: shawarwarin da aka tattara

Shawarar da ta fi ƙarfi a tattaunawar da aka yi kan yadda za a yi amfani da kwamfuta wajen tsara filayen noma, kuma ina ganin daidai ce: kada a fara da kwamfuta. A fara da wasa a kan taswira, kamar yadda masu binciken CIRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, suka yi da manoma da makiyaya a kwarin kogin Sanagal. Kowa ya nuna inda yake shuka ko kiwo da dalilinsa. Sannan a zuba ƙa'idojin wasan cikin manhaja irin CORMAS ko NetLogo, masu kwaikwayon yadda mutane ke mu'amala da juna da muhallinsu, a gwada abin da fari ko toshe burtali zai haifar.

A gayyato mata da masu aron gona, don masu faɗa a ji kan mamaye taro. In mutanen wurin suka ƙaryata sakamakon, a sake duba manhajar tare da su.