Kamfani ya sayi kamfani: a zubar da tsohuwar manhaja ko a haɗa ta da sabuwa?

Malam Bello: Salamu alaikum. Wani kamfanin Legas ya sayi kamfanin dillancin kayan masarufi da nake wa akanta nan Sakkwato. Sun ce a rufe Peachtree, manhajar lissafin da muka daɗe muna aiki da ita, kowa ya koma manhajarsu da ke kan intanet kafin ƙarshen wata. Ra'ayina shi ne a bar tamu ta ci gaba da aiki, ta riƙa aika musu jimillar ciniki kowace yamma. Mi kuka gani?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ban goyi bayanka ba. A kan wace kwamfuta take?

Malam Bello: Windows 7.

Nasiru: To ka gani. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, babu sauran gyaran tsaro. Duk bashin da kuke bin 'yan kasuwa yana cikin kwamfuta guda a ofis. Ranar da ta ƙone ko aka sace ta, wa za ku bi? Kuma wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi kamfani yana da haƙƙin ganin abin da ke sitonsa a kowane lokaci, ba sai ya jira magariba ba.

Hajiya Luba: Nasiru, ɗana, kana magana kamar duk rassan a Titin Ahmadu Bello suke. Ina sayen kaya a reshen Illela. Manhajar da ba ta buɗewa sai da sabis, ya za ta yi ranar kasuwa, motoci sun yi layi ana jiran rasit? Ka tuna 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan. Wanda lissafinsa ke cikin kwamfutarsa ya ci gaba da ciniki.

Nasiru: Hajiya, akwai waɗanda ke aiki babu sabis, in ya dawo su aika.

Hajiya Luba: Sai a tambaya ko tasu haka take, kafin a rufe wadda ake da ita.

Alhaji Umaru: Ni duk ba sabis ne damuwata ba. Abin da ke cikin tsohuwar ne. Malam Bello, Alhaji Garba nawa ne a jerin masu bashinku?

Malam Bello: Suna da yawa, ranka ya daɗe. Da laƙabi muke bambanta su: na Wurno, mai shinkafa, na bakin tasha.

Alhaji Umaru: Yawwa. Sabuwar manhaja lamba ta sani. In yaron da aka ba kwashe bayanai ya haɗe mutum biyu wuri guda, za a je wa dattijo da bashin da bai ci ba, kuma wanga mutum ba zai sake tako shagonku ba. Ga wanda ake ɗaga wa ƙafa har bayan girbi, ga wanda ya biya rabi da sefa, ga kayan da kuke shigarwa da kwali su kuma na Legas suna ƙirgawa da ɗaiɗai. Duk wannan sai an zauna an bi shi layi-layi, kuma wata ɗaya bai isa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bankin TSB na Birtaniya, bayan Sabadell na Sifen ya saye shi a 2015, ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabuwar manhaja a Afrilun 2018. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka, daga baya aka ci su tarar sama da fam miliyan 48. Kuma su sun yi shekaru suna shiri.

Nasiru: Baba, amma TSB ɗin ba su koma tsohuwa ba. Haɗa manhaja biyu ma yana da tsadarsa: sai an biya wanda zai rubuta abin da zai haɗa su, duk wata akanta na daidaita littafi biyu, kuma in alƙaluma suka saɓa odita zai tambayi wanne ne gaskiya. Abin da aka ce na ɗan lokaci ne sai ka tarar an shekara biyar a kansa.

Alhaji Umaru: Wannan gaskiyarka ce. Shi ya sa ban ce a bar ta har abada ba. A sa ranar rufe ta a rubuce. A fara da babban sito na cikin gari, a tafi da su biyun tare har lissafin ƙarshen wata ya zo daidai sau biyu ko uku, sannan a taɓa ƙauye. Kowane mai bashi a kira shi ya ga abin da ake binsa ya sa hannu kafin a kwashe sunansa.

Hajiya Luba: Kuma kada a fara ana gab da azumi, lokacin da sukari da gero ke fita.

Nasiru: Na yarda da kiran masu bashi. Wata uku ne dai nake ganin ya yi yawa ga kwamfutar da ba ta da kariya. Malam Bello, yau ɗin nan ina kuke ajiye kwafin bayananku?