Yoga a kan kujera bayan karayar ƙugu: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70. Bara ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki. Yanzu tana takawa da sanda, amma sujada ta gagara, a kujera take sallah, abin yana damunta ƙwarai.

Likitan gashin ƙashi ya ce ta gwada yoga a zaune, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi a hankali tare da sarrafa numfashi. To da ta ɗaga ƙafar hagu sai cinyar ta riƙe, ta cije leɓe ta ce a bari. Bidiyoyin YouTube kuwa yawanci harɗe ƙafa ake yi, ita kuma an hana ta harɗewa.

Don Allah wanda ya yi irin wannan jinya, da wane motsi kuka fara? Wane ciwo ake daurewa, wanne ne ake dakatawa?