Wai an rufe wa nas-nas ƙofar Ingila?

Auta: Salamu alaikum. Wai da gaske ne an hana ma'aikatan jinya na Najeriya aiki a Ingila? Wata ta ce min Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ce ta haramta.

Yaya: Wa alaikumus salam. Wa ya gaya mata? Jerin da WHO ta fitar a 2023 ƙasashe 55 ne masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, har da mu da Gana da Nijar. Abin da Ingila ta hana shi ne asibiti ko dillali ya zo ya kwashi mutane. In ke da kanki kika ga gurbin aiki kika nema, ba mai tare ki. Ni ma haka na tafi.

Malam: Amma faɗa mata sauran, Hajiya.

Yaya: Jarrabawar Turanci ta IELTS, maki 7, rubutu kawai ake karɓar 6.5. Sai CBT, jarrabawar ilimin jinya a kwamfuta, sai OSCE, gwajin aiki a aikace, a can Ingila. Ranar OSCE ɗina, mutum-mutumin roba na gaisar, na nemi izininsa kafin in taɓa shi, hannuna na rawa. Ni da na yi shekaru ina sa wa jarirai ruwa!

Malam: Ni shingen gida ya fi ba ni haushi. A Fabrairun 2024 hukumar jinya ta ƙasa ta ce sai an yi aikin shekara biyu kafin ta tantance wa mutum takardu, har aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ƙwarewa ai haja ce. Dubi Filifin, horar da nas take yi musamman don waje, kuɗi na komowa gida.

Matron: Malam, haja ce, amma wa ya sa jarin? Makarantar gwamnati ce ta koyar da su. Shekaranjiya ni da yarinya ɗaya muka kwana a ɗakin haihuwa, mata uku na naƙuda, ga wuta ta ɗauke, da fitilar waya muka yi ɗinki. Kuɗin da ake aikowa ba ya karɓar haihuwa.

Yaya: Allah ya huci zuciyar Anti. Amma da ana biyanmu abin da zai kai ƙarshen wata, wa zai bar uwarsa ya je yana karkarwar sanyi?

Matron: Wannan kam ban musa ba.

Auta: To ni yanzu in fara karatun IELTS ɗin ne ko kuwa?

Matron: Fara da zuwa aikin dare tukuna. Ƙarfe takwas, kada ki makara.