Tsoho, dattijo ko naƙasasshe: da wane suna zan kira su Baba?

Maman Sa'a, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Mahaifina baduku ne. Har gobe kowace Lahadi shi da kansa yake ɗaukar takalma da jakunkunan da ya ɗinka ya kai kasuwa. Takardarsa ta haihuwa irin mai "né vers" ɗin nan ce, wato wadda ake ƙiyasta shekarar haihuwa, an rubuta masa 1950, shi kuwa ya ce an rage masa, don lokacin da soja suka kifar da shugaban ƙasa Diori a 1974 yana da mata da ƴaƴa huɗu. To, ko ma dai nawa ne, ya haura 70 nesa ba kusa ba.

Makon jiya aka yi rabon hatsi a unguwarmu. An ja layi biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na tsofaffi da naƙasassu don a sallame su da wuri. Baba ya shiga na kowa. Sai wani yaro mai riƙe da takardar sunaye, wanda bai fi sa'an jikansa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kai tsoho, koma can, layinku na naƙasassu ne." Baba bai ce masa kanzil ba. Ya naɗe buhunsa ya dawo gida ba ko tiya ɗaya. Da dare na ji yana gaya wa Inna, "Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, yau ni ne naƙasasshe?" (Gaskiyar magana, shekara biyu ke nan Sa'a ce ke zura masa, amma wa ya isa ya faɗa?)

Ga inda tambayar take. Ni malamar lakwal ce, don haka ƙungiyar matan unguwa ta ɗora mini rubuta sanarwa da Hausa saboda 1 ga Oktoba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990. Takardar faransancin da aka ba ni cewa ta yi "personnes du troisième âge". In na juya shi yadda yake, mutanen shekaru na uku ke nan, kowa dariya zai yi mini. In na sa "tsofaffi", ina tsoron irin su Baba ba za su zo ba. "Manya" kuma sai a zaci masu kuɗi da masu mulki ake gayyata. Wace kalma ce ta dace? Na biyu, shin yaron nan rashin kunya kawai ya yi, ko kuwa da gaske tsufa wani nau'i ne na naƙasa?

Ɗan Adar

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kalmar ba ta da laihi, bakin da ta hito ne mai laihi. Mu da munka yi shekaru muna tahiya bida Abijan, in kewar gida ta kama mutum sai ka ji ya ce, "Bari in aika wa tsohona kuɗin goro," ko "tsohuwata ba ta da lahiya." Babu girmamawar da ta wuce wannan. Jika kuwa ya ce wa kakansa tsoho mai ran ƙarhe, kakan ya bi shi da sanda ana dariya, wasan jika da kaka ne. Amma yaron da bai san ka ba, cikin taro, ya ce maka "kai tsoho", wannan bai samu tarbiyya ba. Baba ake cewa, ko Malam, ko Alhaji in ya je, mace kuma Inna ko Hajiya.

Ki sa "dattawa". Sai dai ki sani dattijo ba hurhura kaɗai ba ce, hali ne. Akwai mai shekara 45 da ake kira a raba gardama don dattakonsa, akwai mai 80 da ake ce wa tsohon banza.

Batun naƙasa kuwa, ki dubi addini. Rangwamen yin salla zaune ba a ce na mai shekara kaza ba ne, an ce in ba ka iya tsayuwa. Haka azumi. Limaminmu ya girme ni, tsaye yake jan asham. Ni kuwa gwiwa ta sa ni kujera tun bara.

Ramatu Yamai

Baba Ɗan Adar, na yarda da kai a kan suna, amma ka yi mini afuwa, zan karkata kaɗan. Shekarata 17 ina aikin jinya, kuma kalmar da ta fi ba ni tsoro ita ce "tsufa ne". Da ita ake rufe ciwon da yake da magani. Dattijuwa ta daina gani, a ce tsufa ne, a haɗa ta da jika ya riƙa yi mata jagora, shi ma ya bar lakwal. Alhali sau da yawa yana ce ta rufe idon, kuma aikin cire ta gajere ne, mutum ya koma yana gane fuskokin ƴaƴansa. Hawan jini ba ya ciwo, yana nan shiru har ranar da ɓarin jiki zai shanye, sannan a ce ai shekaru ne ko iska ta buge shi. Mafi muni, tsohuwa ta fara mantuwa, tana fita da dare tana kiran sunayen waɗanda suka mutu, maimakon a gane gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, sai a fara raɗe-raɗin maita.

Saboda haka amsata: tsufa ba naƙasa ba ne, amma yana buɗe mata ƙofa, kuma girman kai yana hana a rufe. Maman Sa'a, wannan zaren da Sa'a ke zurawa shi ya tsaya mini a rai. Kusan kowa daga shekara 40 zuwa sama ganinsa na kusa yana raguwa, tabarau na karatu ne maganinsa. Amma mai shekarun Baba ya kamata a duba masa idon gaba ɗaya, a auna jini da suga. Ki lallaɓa shi.

Wani abu kuma, a takardun Tarayyar Afirka, wato yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi ta 2016, daga shekara 60 ake ƙirga mutum cikinsu. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai 15 ba, ba mamaki yaro ya ga mai 50 ma ya ɗauka Annabi Nuhu sa'ansa ne.

Mai Walda

Na karanta duka, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Malama, ina girmama mahaifinki, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma me ya ɓata masa rai har ya bar hatsinsa? An ce masa tsoho, ko an haɗa shi layi ɗaya da mu?

Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku. Da keken guragu nake zuwa wurin aikina, ina da yara biyar da nake koya wa walda, ƙofofin gidaje da yawa a Tawa hannuna ne. Ni ma ba na son a ce mini miskini, don ba bara nake ba. Gurgu kuwa ban damu da shi ba in a bakin abokina ne, daidai da abin da Baba Ɗan Adar ya faɗa a kan tsoho. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk lokacin da aka tashi kare mutuncin dattawa, sai a ce "su ba naƙasassu ba ne", kamar an ce su ba ɓarayi ba ne.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma abin da na fahimta a cikinta shi ne naƙasa ba a jiki kaɗai take ba, har da abin da aka gina a gabanka. Matakala shida a ƙofar ma'aikata, ni ta tsayar da ni, Baba Ɗan Adar mai ciwon gwiwa ma ta tsayar da shi, mai tsohon ciki ma haka. In an zuba gangara, mu ukun duk mun shige. Layin nan da aka ware ba zagi ba ne, mu muka daɗe muna roƙon a yi shi. Yaron ne bai iya magana ba.

Ɗan Adar

Mai Walda, ka kama ni. Wallahi matakalar masallacin Juma'a sai an riƙe mini hannu, ban taɓa kawo ka a raina ba. Ka yi haƙuri ɗana.

Maman Sa'a, Tawa

Na gode ƙwarai. Malam Mai Walda, maganarka ta sa na ji kunya, don ni ma da na rubuta ban ga wannan gefen ba. Na karanta wa Baba saƙonka bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce, "Ba da su nake ba. Yaron ne ya yanke mini hukunci bai tambaye ni ba." Sai kuma ya tambaya ko kana gyaran ƙofar langa-langa, tamu ta zaure ta balle tun damina.

Sanarwar na rubuta "iyayenmu da kakanninmu dattawa, maza da mata". Shugabar ƙungiya ta ce ta yi tsawo a kan kyalle, na ce a rage girman haruffan. Na kuma nemi a ɗauke taron daga ɗakin da ke sama a dawo da shi tsakar gida, ba a ba ni amsa ba tukuna.

Ramatu, zancen ido na gwada. Ya ce idonsa garau. Inna ce ta ce ita nata yana mata hazo-hazo, kuma ba ta zuwa likita ita kaɗai sai ya raka ta. Mun sa ranar Talata.